Ranar da Nomau Ya Kife Randarsa

An taɓa yin wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da mota ba ta shiga garin sai ranar kasuwa. Sunansa Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko sarautar unguwa babu a gidansu. Tufkar igiya ce sana'arsa. Yakan zauna a gindin wani durumi a bakin kasuwa, ramarsa a gefe, yana murzawa a cinya har gashin cinyar ya ƙare. Da ita yake ci, shi da matarsa Yalwa.

Amma ba don igiya aka san shi ba. Don randa aka san shi.

Wata babbar randa ce ya girke a kan yashi mai laima a gindin durumin nan, faifai a bakinta, moɗa a kan faifan. Kullum in an idar da sallar asuba sai ya ɗauki tulu ya nufi rijiyar bayan masallaci, sawu bakwai, har randa ta cika. Duk wanda ya zo wucewa ya sha. Mai jaki ya sha, mai tallar nono ta sha, wanda ya zage shi jiya ma ya sha. In ka ce na gode, sai ya ce, "Gode wa Mai ruwan," hannunsa na kan igiya, ko ɗagowa ba ya yi.

Ku saurara, jama'a. Shekara goma sha tara yana wannan. Goma sha tara! Ni da nake ba ku labarin nan ban taɓa cika shekara biyu a kan sana'a ɗaya ba. Shi kuwa ba a taɓa ɗaga faifan nan an tarar da randa a bushe ba. Ranar da ɗansa na fari ya rasu, sai da ya cika ta kafin a tafi maƙabarta. Mutanen gari kan faɗi haka a gabansa, su ce Nomau bai taɓa fashi ba. Shi ma kuma, mu faɗi gaskiya, yana jin daɗin maganar a ransa. Mutum ne. Ku riƙe wannan, don daga nan abin ya shigo.

Wata shekara damina ta yi ƙarfi. Aka kwana uku ana ruwa, ran Laraba da yamma bakin rijiyar nan ya rufta, laka ta cika ta. Mutanen gari ba su damu sosai ba, don kowane gida an tari ruwan sama a tukwane. Amma gobe Alhamis kasuwa, ranar da ƙauyuka ke shigowa, ranar da randar Nomau ke ƙarewa sau biyu. Ruwan da Yalwa ta tara bai wuce na girki da alwala ba. Wata rijiyar mai kyau kuwa tana can wani ƙauye, in ka tashi da asuba sai hantsi za ka dawo da tulu ɗaya.

To akwai wani kududdufi a bayan kasuwa, ya cika har ya batse. Kun san kududdufin bayan kasuwa, ba sai na yi muku dogon bayani ba. A gefensa wanda bayan gida ya matsa yake tsugunawa. A gefensa mahauta ke wanke tumbi da hanji. Ruwan kwana uku ya share duk wannan ya zuba a ciki.

Da sassafe Nomau ya tsaya a bakin kududdufin nan da tulunsa. Ya daɗe a tsaye. Ya ce a ransa, shekara goma sha tara, yau kuma a zo a tarar da ita a bushe? Sai ya sunkuya ya ɗiba. Babu wanda ya gan shi. Ya tace da ƙyalle fari, ya jefa alif a ciki, ya jira laka ta kwanta, ya tsiyaye na sama a randa. Ruwa ya fito garau, kana hango gindin moɗa.

Da ya koma gida ɗaukar rama, Yalwa ta dubi ƙafarsa ta ce, "Malam, wannan jar lakar ai ba ta hanyar masallaci ba ce."

Ya ce, "Kududdufi na je."

Ta ce, "Kududdufin bayan kasuwa? Shi za ka ba mutane?"

Ya miƙa mata sauran da ke cikin tulu ya ce, "Duba da kyau. Kin ga wani abu a ciki?"

Ta leƙa ta ce, "Ban gani ba."

Ya ce, "To."

Shi bai sha ba, don yana azumin Alhamis. Amma kasuwa ta sha. Ta sha sosai, don bayan ruwan nan rana ta buɗe da zafi.

Ran Juma'a da yamma aka fara. Kafin Asabar ta faɗi, gida kusan ashirin akwai mai kwance. Abin yakan fara da murɗawar ciki da tashin zuciya, sai amai, sai gudawa kamar an kwance bakin salka. Wasu da zazzaɓi, wasu da ciwon kai. Mutum ya je bayan gida sau goma kafin azahar, ƙafafunsa su kasa ɗaukarsa. Leɓe ya bushe, idanu su zurma, fitsari ya ɗauke, in ka ja fatar cikinsa sai ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, wasu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani sun shiga, ciki da hanji sun kumbura, sun daina riƙe abin da aka ba su. Wanda ya shiga ya dawo ta sama, wanda ya wuce ya zube ta ƙasa. Jiki yana tsiyayewa kamar tulun da ya tsage.

A nan kuma mutanen garin suka yi wani kuskure da suka gada. A wurinsu, mai amai da gudawa ba a ba shi ruwa. Sukan ce ruwan ne ke fita, in ka ƙara masa ka ƙara wa cutar ƙarfi, a bari cikin ya bushe tukuna. Mara lafiya yana roƙon ruwa, masu ƙaunarsa suna ɓoye moɗa. Da ƙauna suke yi, wallahi da ƙauna. Amma ƙishirwa ba ta san wannan ba.

Ran Lahadi aka yi rashi. Baba Jatau, mahaifin Cindo Sarkin Kasuwa, dattijo mai shekara tamanin, shi ne ya rasu.

Ran Litinin malamin asibiti ya iso a kan keke daga babban gari, wandonsa duk taɓo. Ya zaga gida uku, ya fito ya ce a tara masa mutane a ƙofar gidan Sarkin Kasuwa, inda ake zaman makoki. Ya ce, "Wa ya ce muku a hana su ruwa? Ba gudawar ke kashewa ba, bushewar jiki ce ke kashewa. Ku tafasa ruwa, ku bari ya huce. A lita ɗaya, ga kwanon awo nan na kawo, ku zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali shida na sukari. Ku ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Ku riƙa ba su kurɓi kurɓi. In ya amayar, ku ɗan jira kaɗan ku ci gaba. Mai shayarwa kada ta cire yaro daga nono. Wanda ya iya shan kunu mara kauri a ba shi. Wanda kuka ga jini a bayan gidansa, ko ya kasa haɗiyar komai, ko ya fara fita hayyacinsa, ku ɗora shi a amalanke ku biyo ni da shi."

Cindo Sarkin Kasuwa, idanunsa jajur, ya ce, "Malam, me ke kawo ta?"

Ya ce, "Ƙazanta ce ke shiga baki. Abincin da ƙuda ya hau, ko hannun da ba a wanke ba, ko ruwa. Tun da duk 'yan kasuwar Alhamis ne, ku duba abin da aka ci ko aka sha ranar."

Ku saurara nan. Mutumin nan ya ce abinci, ya ce hannu, ya ce ruwa. Taro duka suka ji abinci. Mutum ɗaya ne ya ji ruwa, shi ne Nomau.

Wani daga baya ya ce, "Kunun Tasalla!" Shi ke nan, kamar jira ake.

Tasalla wata mata ce mai sayar da kunu da ƙosai, murhunta yana taku biyar daga randar Nomau. Ba 'yar garin ba ce, aure ya kawo ta, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku a gidan danginsa. Ga ta da baki, ba ta barin ta kwana, rabin kasuwar ta taɓa wanke su tas. Mace irin wannan ba ta wuyar ɗora wa laifi. Nan take Cindo ya aika aka kifar da tukunyarta, ya ce ran Alhamis za a tsayar da ita a tsakiyar kasuwa a yanke mata hukunci, ta tattara ta koma ƙauyensu. Kun kuwa san in ta tafi ba da 'ya'yan za ta tafi ba. Dangin uba ba za su ba ta ko ɗaya ba.

Nomau bai ce komai ba ranar. Kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Bai ce komai ba. Ya ce wa kansa, ai ban tabbata ba, ruwan garau yake, wataƙila kunun ne. Sai ya ajiye igiya, ya sa Yalwa ta hura wuta, suka riƙa tafasa ruwan saman da ya samo a gidajen mutane, yana ɗauka a tulu gida gida, yana haɗa gishiri da sukari yadda aka nuna. Ya zauna a gaban mara lafiya da ludayi, kurɓi ɗaya, ya jira, kurɓi ɗaya, ya jira. Wanda ya amayar masa a riga, ya goge ya ci gaba. Mutane suna cewa, "Kai, Nomau, Allah ya yi maka albarka." Kowace albarka sai ya ji kamar an ɗora masa dutse.

Duk gidan da ya shiga kuwa sai ya yi tambaya a hankali. "Ran Alhamis ka sha kunun Tasalla?" Wani ya ce ya sha, wani ya ce bai sha ba. "Ka biya ta gindin durumi?" Wannan kam kowa ya biya.

Ran Laraba ya koma wurin zaman makoki. Ana ta yabon mamaci, sai wani tsoho abokin Baba Jatau ya ce, "Allah ya ji ƙan Jatau. Mutumin da ya san girmansa. Tun da ya yi furfura ba wanda ya taɓa ganin ya kai loma bakinsa a kasuwa. Ko ƙosai ɗaya. Ya ce dattijo ba ya tauna a gaban 'ya'yan cikinsa." Aka ce haka ne, haka ne. Ba wanda ya lura da abin da maganar ta ƙunsa.

Nomau ya lura. Don shi da hannunsa ya miƙa wa Baba Jatau moɗa ran Alhamis. Tsohon ya tsuguna ya juya baya, ya sha, ya ƙara, ya ce, "Nomau, Allah ya shayar da kai ranar ƙishirwa."

Ya tashi ya tafi gida ko sallama bai iya yi ba. Ya tarar da Yalwa tana tankaɗe. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Yalwa, ruwana ne. Gobe zan faɗa."

Ta ajiye rariya ta ce, "Ka faɗa wa wa?"

Ya ce, "Kowa da kowa. A kasuwa."

Ta ce, "Malam, wa ya gan ka? Ni kaɗai na ga lakar nan, ni kuwa ko wuƙa aka sa mini ba zan faɗa ba. Ka zubar da ruwan, ka wanke randa, ka yi istigfari. Ga shi kwana uku kana jinyar mutane, Allah yana gani."

Ya ce, "Yana gani."

Ta ce, "To in don Tasalla ne, ka je ka roƙi Sarkin Kasuwa ya yi mata afuwa. Ba zai ƙi jin maganarka ba."

Ya ce, "In roƙa mata afuwar laifin da ni na yi?"

Ta ce, "Uban Cindo fa ya mutu! Ka san zuciyar Cindo. Shekara goma sha tara kana gina sunan nan, ka rushe shi da bakinka a yini ɗaya? Ni ina zan sa fuskata a gidan suna da gidan biki?"

Can ya ce, "Sunan nan shi ya kai ni kududdufi. Da ba don shi ba, da na bar randa a bushe na ce wa mutane yau babu. Ya riga ya ci mutum ɗaya. Ba zan ƙara masa da Tasalla da 'ya'yanta ba."

Yalwa ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka. Da ta gama ta ce, "In za ka je, ka sa wankakkiyar rigarka. Kada a ce kuma matarka ƙazama ce."

Ran Alhamis da hantsi kasuwa ta cika. Aka tsayar da Tasalla a gaban rumfar Sarkin Kasuwa. Ba ta sunkuyar da kai ba. Tana cewa, "Kunun da na tafasa har ya yi ƙauri? 'Ya'yana uku shi suka sha, ga su can garau! Kai mai cewa kununa ne, ba kai ne kake lashe ludayi kana neman gyara ba?" Wasu suka yi dariya, wasu suka ce a rufe mata baki. Cindo ya ɗaga hannu zai yi magana.

Sai Nomau ya ratso mutane ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a saki baiwar Allah nan. Ba kununta ba ne. Ruwana ne."

Kun san abin da ya faru? Ba wanda ya yarda. Wani mahauci ya ce, "Malam Nomau, tashi don Allah, tausayi ne ke damunka." Wata tsohuwa ta ce, "Ruwan sadaka ya yi cuta? A ina aka taɓa yi?" Cindo da kansa ya ce, "Nomau, na san halinka. Koma wurin igiyarka."

Jama'a, ku dubi wannan wuri da kyau. An buɗe masa ƙofa. Ya faɗa, an ƙi yarda, sai ya koma ya zauna ya ce ai na faɗa. Da yawanmu nan za mu tsaya, har mu ji mun yi jarumta. Bawan Allah nan bai tsaya ba. Mutane kan yi rantsuwa don a yarda ba su yi ba. Shi ya tsaya yana kawo hujja don a yarda shi ya yi.

Ya ce, "Rijiyar masallaci ta rufta ran Laraba, kowa ya sani. To ran Alhamis daga ina na cika randa? Wa ya tambaya?" Ya zaro ƙyallen nan daga aljihu, ya yi ja da laka, da guntun alif a ƙulle a bakinsa, ya ajiye a ƙasa. Ya ce, "Kududdufin bayan kasuwa na ɗiba. Na tace, na sa alif, ya yi haske, na ɗauka ya tsarkaka. Ban yi don in cuci kowa ba, amma ni na yi. Na zaga gidajen marasa lafiya, akwai waɗanda ba su sha kunu ba, babu wanda bai sha ruwana ba." Sai ya juya ga Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, Baba ya taɓa cin wani abu a kasuwa?"

Cindo ya kawar da kai.

Nomau ya ce, "Moɗa biyu ya sha. Ni na miƙa masa."

Cindo ya miƙe tsaye, mutane suka matsa baya don sun ɗauka duka zai kai. Ya daɗe yana kallon Nomau. Sannan ya ce, "Tasalla, koma wurin murhunki. Kai kuma, kada in ƙara ganin ruwa a randar nan." Ya shige rumfa ya saki labule.

Nomau ya je gindin durumi, ya tuntsurar da randa, ya kife ta a kan yashi. Ya zauna kusa da ita ya ɗauki ramarsa.

Kada ku zaci an tafa masa. Ba a tafa ba. Waɗanda jiya suke sa masa albarka suka riƙa sauya hanya. Igiyarsa ta yi kwantai. Wani in zai wuce sai ya ce, "A'a, mai ruwan alif, yau ba a shayar da mu?" Ita kanta Tasalla ba godiya ta yi ba. Ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu ta ce, "Kwana uku, Nomau. Kwana uku ana zagina, 'ya'yana ba sa iya fita, kana ji kana shiru."

Ya ce, "Gaskiyarki. Na ji tsoro. Ki yafe mini."

Ta ce, "Zan duba." Ta juya ta tafi.

Amma ba a ƙara rasa kowa ba. Da aka san daga ina cutar ta fito, aka hana ɗibar kududdufin ko don wanke kwano, aka sa hannu aka yashe rijiya aka ɗaure bakinta. Waɗanda ke kwance suka tashi ɗaya bayan ɗaya a kan ruwan gishiri da sukari, biyu da abin ya yi wa tsanani aka kai su asibiti suka dawo da ƙafarsu.

Randa tana kife har aka yi sadakar arba'in ɗin Baba Jatau. Kashegari da la'asar, kasuwa ba kowa, sai ga Cindo shi kaɗai. Ya zauna a kan saiwar durumi, bai yi sallama ba. Ya daɗe yana wasa da guntun igiya. Can ya ce, "Nomau, ka san abin da Baba ya faɗa na ƙarshe?"

Nomau ya ce, "A'a, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ruwa. Yini biyu yana cewa, Cindo, ruwa. Ni na ɗauke butar daga ɗakin. Ni na ce duk wanda ya ba shi sai na saɓa masa." Ya goge fuska da hannun riga. "Da malamin asibiti ya yi maganar nan a ƙofar gidana, na san abin da na yi. Shi ya sa na kama Tasalla da ƙarfi haka. Ina neman wanda zan ɗora wa. Kai ka tashi a gaban kasuwa ka faɗi naka. Ni kwana arba'in ina ɗauke da nawa, ko matata ban gaya wa ba."

Nomau ya ce, "Ba ka sani ba ne. Ni ma ban sani ba. Allah ya yafe mana, ya ji ƙan Baba."

Cindo ya ce, "Amin." Ya miƙe ya dafa gindin randa ya ce, "Tayar da ita. Ina jin ƙishirwa."

Nomau ya ce, "Yau ba ni da ruwan da na yarda da shi. Sai gobe."

Sai ga murya daga wajen murhu, ashe Tasalla tana nan tana kankare tukunya. Ta ce, "In na sauke kunu garwashina yakan kai azahar, a banza yake mutuwa. Ka kawo ruwan a tafasa. Amma kai za ka riƙa kawo itacen ranar kasuwa, kada ka ɗauka na huce."

Tun daga ranar randar Nomau ta sauya. Ruwan bai kai yawan na da ba, don sai an tafasa. Moɗa ba ta ƙara nutsewa a ciki da hannun kowa ba, ludayi mai dogon hannu ya rataya, a ɗebo a zuba maka. Kuma akan yi ranar da za ka zo ka tarar da ita a kife, ko itace ya jiƙe, ko rijiya ta gurɓace. In an tambaye shi sai ya ce, "Yau babu." Ba kunya, ba kame-kame. Ba a ƙara cewa Nomau bai taɓa fashi ba. Amma duk ranar da aka ga randar nan a tsaye, uwa takan ɗebo ta ba ɗan da ta yaye jiya ba tare da ta leƙa ciki ba.

To jama'a, ga abin da nake so mu tafi da shi. Alherin da kake yi don kada a ce ka fasa, ka kula da shi, yana iya kai ka kududdufi. Kuma gaskiyar da ta fi nauyi ita ce wadda za ka faɗa a kan kanka, lokacin da ba wanda ya gan ka, an kuma riga an sami wanda za a ɗora wa.

Mu nan akwai mai shayi, akwai mai garuwa, akwai mai abinci, akwai mai ƙulla zoɓo. Duk wanda ya miƙo hannu ya karɓi abin da za ka ba shi ya kai baki, amanar cikinsa ya ba ka. Haske ba tsarki ba ne. Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe cuta. A tafasa ruwa, a rufe abinci, a wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayan gida da kafin a taɓa abin ci. In amai da gudawa suka shigo gidanka, kada ka ɓoye buta. Ka ba shi ruwan gishiri da sukari, ko na ƙullin da ake sayarwa a kemis, kurɓi kurɓi, kada ka gaji. In ka ga jini, ko ido ya zurma, ko ya kasa riƙe ko kurɓi ɗaya, musamman ƙaramin yaro da tsoho, kada ka jira gobe, asibiti.

Ranar da ba ka yarda da ruwanka ba, ka kife randar ka ce yau babu. In kuwa ka riga ka shayar, to ka duba gefenka, akwai wata Tasalla da ake shirin kora saboda kai. Kada ka kai kwana uku kamar Nomau. Ka tashi tun ran Litinin.

Allah ya ba mu ikon faɗar gaskiya ko a kanmu take, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.